Hotunan da Na Yi wa Alwala

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma jeren Walida ba ya cikinsu, kuma ba na jin zan taɓa mantawa da shi. Ko na so ma, dangin mijinta na Bunkure ba za su bar ni ba.

Ni malamar firamare ce a Kura. A dangin mijina kuwa matsayina ya fi haka. Ni ce mai karanta takardar asibiti, ni ce mai gyara waya in ta koma wani yare, ni ake nema in an sayo maganin feshin tumatir a ce in duba yadda ake haɗa shi. Sunana ma an daina kira, Malama kawai. (Ina jin daɗin sunan nan fiye da yadda nake nunawa.)

Walida 'yar yayan mijina ce. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, shi ne mai injin casar shinkafar nan na bakin titi in ka fito daga gari, wanda aka sayar bayan rasuwarsa, waɗanda suka saya suka rushe shi suka jera shaguna a wurin. Yarinya ce mai shiru-shiru, in tana ɗaki sai ka manta tana nan. Ta yi karatu a wata kwaleji a Kano, aka ce fannin zane ta karanta. Ni da na ji zane sai na ɗauka su fulawa ne da tsuntsaye, na ce Allah ya taimaka, na wuce harkokina.

Da bikinta ya zo, Yaya Rabi ce uwar biki. Ita ce babbar yayar mijina, mace mai ido ɗaya a kan kowa, kuma duk shekarun da na yi a gidansu ba ta taɓa ba ni aikin da ya wuce kicin ba. Ranar da take rabon aiki sai ta dube ni ta ce, "Malama, ke za ki tsaya a kan falo. Kin fi mu sanin kayan zamani." Na ce to, kamar ba komai ba. A raina kuwa murna nake kamar an ba ni sarauta, domin falo shi ne abin da dangin ango za su fara gani, kuma daga shi za su auna gidan da yarinya ta fito.

Kowa ya san amarya ba ta zuwa jerenta. Tana can gida cikin lalle da ƙawaye, sai an gama komai za a kai ta ta tarar. Da ana zuwa da ita, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.

Muka tashi da hantsi, a-kori-kura a gaba da gado da kujeru, mu a baya cikin a-daidaita-sahu, muna bin gefen kanal ɗin ban ruwa. Lokacin dashen shinkafa ne, ko'ina ruwa ne kwance da mutane a sunkuye. A Bunkure aka nuna mana sashen da aka gina wa ango a cikin gidansu, babban gida mai sassa da yawa. Muka shimfiɗa kafet, muka ɗaura labule, na sa aka juya doguwar kujera har sai da matan suka fara hararata. Aka kafe talabijin a bangon da ke kallon ƙofa. Komai na tafiya daidai, har wata 'yar uwarmu ta buɗe wani kwali da ke ƙarƙashin akwatuna.

Hotuna uku ne masu gilashi, an naɗe kowanne a tsohon zani, biyu ƙanana ɗaya babba. Ba mutum a ciki, ba dabba, ba bishiya. Baƙi ne da ruwan toka da ɗan ja irin na bulo. Dogayen sanduna tsaye a jere, wasu masu kauri wasu sirara, da'irori da aka yanke rabi, dakali-dakali masu kusurwa huɗu an ɗora wani kan wani. A babban akwai wani layi da ya tashi a karkace daga ƙasa zuwa sama yana da ƙananan haƙora, sannan can gefe, shi kaɗai, wani ɗan murabba'i ruwan ɗorawa.

Matan suka kewaye su. Wata ta ce ko taswirar gida ce. Wata ta ce ita dai ta ga kamar zanen hula. Sai Yaya Rabi ta juyo ta ce, "Malama, mene ne wannan?"

To, ga inda matsalar take. Shugabar makarantarmu tana da wani allo a falonta da ta zo da shi daga Umara, duk layuka ne miƙaƙƙu da kusurwoyi, ba ka cewa rubutu ne. Ita ta gaya min rubutun Kufi ake ce masa, tsohon salon rubutun Larabci, kuma kalmar shahada ce a jiki. Sau ɗaya na gan shi, ina tsaye ina jiran ta sa min hannu a takardar hutu. Wannan shi ne dukan ilimina a fannin.

Na karɓi babban hoton, na ɗan ja baya, na karkata kai. Dogayen sandunan nan suka fara yi min kama da alif da lam. Da zarar ido ya ga alif ɗaya kuwa, sauran sai su yi ta fitowa da kansu.

Na ce, "Ku ajiye. Wa da wa ke da alwala a cikinku?"

Na yi musu bayanin rubutun Kufi da muryar da nake yi wa 'yan ajina. Na ce ƙananan biyun gajerun surori ne, babban kuma Ayatul Kursiyyu ce, an rubuta ta ne yadda sai mai ido zai gane. Wadda ta buɗe kwalin ta shiga salati tana goge hannunta a zani. Ni da kaina na fita tsakar gidan mutane na nemi buta na yi alwala, na dawo ina ɗigar da ruwa, na hau kujera na karɓi guduma.

Ban tsaya nan ba. Na ce ba zai yiwu aya tana bango talabijin na kiɗa a kusa da ita ba, aka cire talabijin ɗin da aka sha wuya wajen kafewa aka mai da shi lungu, inda sai ka murɗe wuya za ka gan shi. Na ce doguwar kujerar nan in mutum ya kwanta ƙafarsa za ta miƙe wa aya, aka sake juya ta. Yaya Rabi tana kallona tana gyaɗa kai, har na ji ta ce wa wata, "Ai shi ya sa na ce ita." Maganar nan ta shige ni har ƙashi.

Bayan la'asar matan gidan ango suka shigo ganin ɗaki. A gabansu kakar ango ce, Hajiya Tabawa, tsohuwa ƙarama mai sanda, idonta ya yi rauni, ƙafa kuma ta matsa mata. Aka zaunar da ita. Suka yaba gado, suka yaba kwanuka, sannan idonsu ya kai bango, aka ce a tambayi Malama.

Da mai hankali ce ni, da na ce aya ce na yi shiru. Amma ɗaki ya cika, kuma ni da cikakken ɗaki ba ma rabuwa lafiya. Na sake bayanin daga farko, na ƙara masa gishiri. Na ce layin nan mai haƙora shi ne inda mai rubutun ya ja alƙalami, ɗan ruwan ɗorawar nan kuma ɗigo ne, da shi ake gane inda aka tsaya. Hajiya Tabawa ta ce, "'Yar nan, karanta min mana, ni idon ya tafi."

Na ɗora yatsa a gilashin daga dama, na karanta ayar da ka, tun da kowa ya haddace ta, yatsana yana bin sanduna yana hawa layin mai haƙora yana sauka. Na yi dabara na sa ƙarshen karatun ya zo daidai kan ɗan ruwan ɗorawar. Aka ɗaga hannu gaba ɗaya aka yi addu'a aka shafa. Wata ma har da ƙwalla.

Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ikon Allah. Ina ma ina da irinsa a kan gadona, ko na samu barci. Ƙafar nan ba ta barina."

Ba roƙo ta yi ba, magana ce irin ta tsofaffi. Amma ni a lokacin kaina ya riga ya kumbura. Na hau kujera na sauke babban hoton, na durƙusa na miƙa mata hannu bibbiyu, na ce, "Hajiya, ai ɗakin jikanki ne, komai na ciki naki ne. Biyun sun ishe su." Na ji Yaya Rabi ta mintsine ni ta baya, amma aikin gama ya gama. Abin da aka ba surukai a gaban jama'a ba a cewa a dawo da shi. Aka yi ta sa mana albarka, aka ce lallai yarinya ta fito daga gidan mutunci. Na koma Kura ina jin ba a taɓa yin jere irin nawa ba.

Washegari da safe muka koma Bunkure kai wa amarya abin kari. An kai ta tun da daddare. Na same ta a bakin gado cikin mayafi, ƙawayenta biyu suna barci a kafet. Muka gaisa, na tsaya ina jiran yabo. Sai ta ce a hankali, "Anti, sannunku da aiki, ɗaki ya yi kyau. Amma ina na ukun?"

Na ce, "Ayar? Ai na ba Hajiya. Ki ga albarkar da aka sa miki."

Ta ɗago ta dube ni. "Wace aya, Anti?"

Ta tashi ta ja hannuna zuwa falo, ta tsaya gaban ƙananan biyun. Ta ce, "Injin Abba ne. Wannan ta gaba na zana shi, wannan ta bayan kanal. Waɗannan dogayen rumbunan ƙarfen ne da ake zuba shanshera kafin a casa ta. Wannan siririn bututun hayaƙi ne. Wannan tulin ɓuntu ne na bayan katanga."

Wallahi tana faɗa ina gani. Wurin da na yi shekaru ina wucewa ta gabansa kullum in za ni makaranta, ga shi nan ɓaro-ɓaro, an dai cire masa ƙura da buhuna da mutane an bar ƙashin ginin. Alif ɗina bututun hayaƙi ne. Na nemi lam na rasa.

Na ce, "To ai sai ki sake buga wani, ko? Ba a waya yake ba?"

Ta ce a'a. A jikin katako ta sassaƙa su da hannu, ta shafa tawada ta danna a takarda, shi ne aikinta na fita daga kwaleji. Katakon babban ya tsage tun a makaranta, wanda na bayar shi kaɗai ya rage. Ta ce, "Shi ne mai bel ɗin da ke hawa da shinkafa sama. Kuma shi ne mai tagar ofishinsa, 'yar ruwan ɗorawar nan. In mun taso daga islamiyya da yamma, in na hango fitilar a kunne na san yana ciki."

Ɗigona ke nan, wanda da shi ake gane inda aka tsaya.

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ba komai, Anti. A bar mata." Na san ba komai ɗin nan, ta amarya ce a gidan da ta kwana ɗaya, wadda ba ta da bakin da za ta aika wa kakar mijinta a ce ta dawo da kyauta. Kunya ta kama ni, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne tausayinta. Injin an rushe, mai injin yana ƙasa, abin da ya rage mata na ɗauka na yi gwaninta da shi.

Na fita bayan ɗaki na kira maigidana na gaya masa. Ya yi dariya har sai da ya sarƙe, na jira ya gama. Na ce ya shiga kasuwa ya samo min allon Ayatul Kursiyyu na gaske, mai rubutun da kowa zai iya karantawa, mai ruwan zinare, ya aiko min da shi. Shirina mai sauƙi ne. Zan shiga wurin Hajiya ita kaɗai, in ce na samo mata wanda ya fi wancan girma da kyau, in musanya, in fito ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ban gaya wa Yaya Rabi komai ba. (Na gaya muku ina da dabara, hankali ne dai ya yi min ƙaranci.)

Saƙon ya iso bayan azahar. Na tura shi cikin hijabi na nufi sashen Hajiya, na yi sallama. Sai na ga takalma jibge a ƙofa.

Ɗakin cike yake da matan maƙwabta, labari ya zaga an zo ganin aya. Hajiya na zaune a kan gado. A kujerar bakin ƙofa kuma ga ɗanta Malam Hadi, baffan ango, limamin masallacin unguwar, da tabarau a hanci da hoton Walida a kan cinyarsa.

Hajiya ta ce, "Yauwa, ga Malamar nan. Hadi, ita ce ta karanta min."

Na durƙusa na gaishe shi. Mutum ne mai sanyin murya, kuma da izgili ya yi min da abin ya zo min da sauƙi. Da gaske yake tambaya. Ya ce, "Malama, sannu da zuwa. Na ga rubutun Kufi a wurare, ina ɗan taɓa karanta shi, amma wannan ya gagare ni. Na bi ta dama, na bi ta sama, ban samu bakin zaren ba. Ilimi da faɗi yake. Ta ina ake farawa?"

Ya miƙo min hoton. Duk ɗakin aka zuba min ido, irin kallon da nake so, na girmamawa.

Zan faɗi gaskiya, yatsana sai da ya ɗaga. Wata zuciyar tana ce min in ce salon mutanen wata ƙasa ne mai nisa, in sake bin sandunan nan sau ɗaya, in an watse in yi musanyata. Allon gaske yana cikin hijabina yana tokare min haƙarƙari. Sai idona ya sauka a kan 'yar tagar nan, na ga ba zan iya sake kiranta ɗigo ba.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ba aya ba ce."

Ya ce, "Na'am?"

"Injin shinkafa ne."

Malam Hadi ya karɓi hoton, ya miƙar da hannu ya nisanta shi da fuskarsa, ya dube shi ta saman tabarau. Can ya ce, "Ƙwarai kuwa. Ga bututun."

Wata mata ta tura fuska cikin mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ta kusa da ita ta tashi ta fita da sauri, muna jin dariyarta ta fashe a tsakar gida. Ni ina durƙushe, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Na yi bayani cikin in'ina, yadda na ga allon shugabarmu, yadda na zata, yadda amarya ta ganar da ni da safe.

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Malama, kuskure kowa na yi. Amma abin da ba aya ba, ba a ce masa aya, ko da kyakkyawar niyya. Kuma jiya da kika ɗora yatsa, ke kin san ba daga jikinsa kike karantawa ba. Ki nemi gafarar Allah." Bai ɗaga murya ba, bai ƙara ko kalma ba. Na ce astagfirullah, kuma ban taɓa faɗarta da gaske kamar ranar ba, domin daidai inda ciwon yake ya taɓa.

Sai Hajiya Tabawa ta ce, "To ni barcin da na yi jiya fa? Rabona da irinsa tun kafin azumi."

Malam ya ce, "Ayar da aka karanta miki ai gaskiya ce, Hajiya. Gajiyar biki ma ta taimaka."

Na ga dama ta samu, na zaro allon daga hijabi na miƙa mata. Ta shafa shi, ta juya, ta miƙa wa ɗanta ta ce, "Hadi, duba min wannan da kyau, kada ya zama injin markaɗe." Nan ɗakin ya ɓarke gaba ɗaya, har Malam sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya tabbatar mata wannan kam aya ce. Ta ce a rataye mata. Sannan ta karɓi hoton Walida ta ɗora a cinyarta ta dafe shi da hannu biyu.

Ta ce, "Wannan kuma kyauta kika ba ni, a gaban mutane."

Duk kunyar da na sha, ga shi za ta tashi a banza. Na matsa kusa da gadon na ce, "Hajiya, ba nawa ba ne na bayar. Injin mahaifinta ne, ita ta zana da hannunta, kuma babu wani sai shi. Ba za ta iya buɗe baki ta tambaye ki ba, cewa ma ta yi a bar miki. Ni ce na yi ɓarnar, ni ce nake roƙo."

Ta daɗe tana kallon inda take jin muryata. Ta ce, "Ita ta ce a bar min?" Na ce e. Ta ce, "Miƙo min sandata."

Aka ce ta zauna a kira mata amarya, ta ce amaryar jiya ba ta yawo a tsakar gida, ita za ta je. Ta miƙa min hoton ta ce in riƙe in biyo ta. Haka muka ratsa gidan nan, tsohuwa a gaba tana ɗingishi a hankali, ni a baya rungume da injin shinkafa, 'yan biki a kan tabarmi suna bin mu da kallo, labari kuma ya riga mu isa ko'ina. A bakin sashen amarya na hango Yaya Rabi tsaye ta riƙe haɓa. Ban taɓa sanin gidan yana da tsawo haka ba.

Walida ta zube ƙasa ta gaida tsohuwar, ta ja mayafi ta rufe fuska. Hajiya ta zauna a doguwar kujera ta ce, "Taso, amarya. Jiya an karanta min wannan abu, ashe ba daidai aka karanta ba. Zo ki karanta min da kanki."

Da ƙyar muryar Walida ke fita da farko. Ta kama yatsan tsohuwar ta ɗora a gilashin, ta bi da shi. Nan motoci ke sauke shanshera. Nan take hawa. Nan ake busar da ita. Tana yi muryar tana ƙara ƙarfi, har ta kai ga faɗin abin da ya sa ta cire mutane da buhuna, wai ita in ta rufe ido ba hayaniyar take tunawa ba, tsayuwar ginin take tunawa, yadda yake tokare sama in ka taho daga nesa. Ban taɓa jin Walida ta yi magana mai tsawon haka ba. Yatsan ya zo kan 'yar tagar ya tsaya.

Hajiya ta ce, "Nan yake zama?"

Walida ta gyaɗa kai.

"To jiya ɗaki guda muka ɗaga hannu a gaban tagarsa, ba mu sani ba. Allah ya kai masa ladan, ya haskaka kabarinsa."

Aka amsa da amin har daga waje. Walida ta kifa kai a gwiwar tsohuwar tana kuka, Hajiya tana bubbuga bayanta. Can Hajiya ta dube ni ta ce, "Malama, hau ki mai da shi inda kika ciro shi. Kuma wancan talabijin ɗin, wa ya kai shi lungu kamar mai laifi?" Kowa ya juyo ya dube ni.

Yaya Rabi ta bari sai a hanyar komawa, muna cikin a-daidaita-sahu. Muka zo wucewa ta gaban wani sabon kamfanin shinkafa mai dogayen rumbuna, ta taɓa ni ta ce, "Malama, wannan kuma wace sura ce?" Bikin da ya biyo baya a dangi, kicin aka mai da ni, ban kuma yi gardama ba.

Bayan an kwana biyu na koma gidan Walida ni kaɗai, na ce ta nuna min yadda ake sassaƙa katakon. Ta fito da wasu 'yan ƙarafa masu kaifi daga ƙasan akwati tana murna kamar yarinya. Tana nuna min sai ta ce, ba da nufin komai ba, "Kin san, Anti, duk gidanmu ke ce ta farko da ta tambaya." Wannan ta fi dariyar matan Bunkure yi min zafi. Yarinyar ta girma a gabana, ta je ta yi karatu ta dawo, ban taɓa ce mata me kike zanawa ba, amma na iya tsayawa gaban ɗaki guda ina fassara aikinta.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, kuma mutane da yawa sun same shi a araha. In ka ga abu a bango ba ka gane shi ba, akwai wanda ya yi shi, kuma sau da yawa yana nan kusa, yana da baki, jira kawai yake a tambaye shi. Har yanzu ina da ra'ayi a kan komai, wannan sai dai kabari. Amma yanzu nakan bari mai abu ya fara magana, in ya gama sai in ce ai ni ma haka na gani.